Wata tara ina aiki da linzamin kwamfuta na MX Master 3S

Sana'ata buga takardu ce da tsara lissafi a kwamfuta, kuma shagona yana kusa da Ƙofar Ƙaura a cikin birnin Katsina. Yawancin aikin da ke zuwa mini na ɗalibai ne masu kammala karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, sai kuma jadawalin sakamakon jarrabawa na makarantu da littafin ciniki na 'yan kasuwa. A lokacin da aiki ya yi yawa nakan zauna gaban kwamfuta tun daga hantsi har zuwa bayan isha, ba abin da yake ta da ni sai salla da cin abinci. Duk wanda ya yi irin wannan zama ya san cewa hannun dama shi ne yake fara kokawa, musamman wuyan hannu da gindin babban yatsa, kuma wannan ciwon ne ya sa na fara duba linzamin kwamfutar da nake riƙewa, wanda a bakin masu sana'armu aka fi sani da mawus.

Shekaru da dama ina sayen masu arha, irin shafaffun nan marasa nauyi da ake samu a kowane shagon kayan waya. Suna aiki daidai kuɗinsu, sai dai saboda ba su da tudun da tafin hannu zai kwanta a kai, mutum yakan tsinci kansa yana matse su da yatsu yini guda, wuyan hannunsa kuma yana goga a kan tebur. Na kai matsayin da idan na tashi daga aiki sai na daɗe ina murza hannu kafin in iya riƙe kan babur da kyau. Wani abokin sana'ata ne ya miƙo mini nasa ya ce in gwada na sa'a ɗaya, kuma bayan sa'ar nan na fara tara kuɗin sayen irinsa.

Linzamin shi ne MX Master 3S na kamfanin Logitech, wanda aka kafa a ƙasar Suwizalan a 1981. An fito da wannan samfurin a 2022 a kan farashin kusan dala 100, don haka kuɗinsa a nairarmu yana hawa da sauka ne tare da canjin dala, kuma a kowane hali kuɗi ne da zai sayi masu arha da yawa. Tambayar da ta dame ni kafin in saya, wadda kuma nake ganin ita ce za ta dami duk mai karanta wannan rubutu, ita ce ko jin daɗin riƙo ya isa dalilin kashe irin wannan kuɗi.

Siffarsa ce abin da ya fi komai muhimmanci a wurina. Bayansa yana da tudu mai tsawon kusan santimita 5 daga tebur, kuma tudun ya ɗan karkata zuwa dama, ta yadda hannu ba ya kifewa gaba ɗaya kamar yadda yake yi a kan shafaffen linzami, sai dai ya ɗan jingina a gefe, kusa da yadda yake zama idan mutum ya ajiye shi a kan cinyarsa yana hutawa. A gefen hagu akwai faffadan wuri kamar fiffike inda babban yatsa yake kwanciya, don haka ba ya jan ƙasa. Idan na ɗora hannuna a kai, tafin hannun ne yake ɗaukar nauyin, yatsu kuwa suna sake, ba sa matse komai. A makon farko na ji shi da nauyi ƙwarai, domin giram 141 ne, kuma hannun da ya saba da ɗaga linzami yana sake ajiye shi duk bayan ɗan lokaci sai ya ji kamar an ba shi dutsen guga. Daga baya na gane cewa ba don a riƙa ɗagawa aka ƙera shi ba. Da na ƙara saurin kibiya a cikin saiti, sai ya zamana ɗan motsi kaɗan yana kai ta daga wannan kusurwar fuskar kwamfuta zuwa waccan, nauyin kuma ya koma abin da yake daidaita hannu a lokacin da nake jan layin jadawali ko gyara gefen hoto. Ba zan ce ya warkar da ciwo ba, domin linzami ba magani ba ne, kuma na haɗa da gyara tsayin kujera da miƙewa lokaci zuwa lokaci, amma murzar hannun da nake yi kowace yamma ta ragu har na daina lura da ita.

Abu na biyu, wanda a gaskiya shi ne nake kewarsa a duk lokacin da na taɓa kwamfutar wani, shi ne tayar da ke tsakanin madannan biyu, wadda ake gungura shafi da ita. Tayar ƙarfe ce, kuma maganaɗisun lantarki ne yake riƙe ta a maimakon haƙoran roba da ke cikin na gama-gari. Idan ka murza ta a hankali za ka ji tana tafiya daki-daki, layi bayan layi, yadda ake buƙata a wajen karanta rubutu ana neman kuskure. Idan kuwa ka wurga ta da ƙarfi, sai maganaɗisun ya sake ta, ta yi ta juyawa da kanta babu ƙara har sai ka ɗora yatsa ka tsayar da ita, kuma kamfanin ya ce tana iya wuce layi 1,000 a cikin daƙiƙa ɗaya. Akwai ɗan madanni a bayanta ga wanda yake son ya zaɓi ɗaya daga cikin yanayin biyu da kansa.

Amfanin wannan ya fito mini fili ne wata rana da wata ɗaliba ta zo da kundin bincikenta mai shafi fiye da ɗari, malaminta ya yi masa gyara da jan biro tun daga babi na ɗaya har zuwa jerin manazarta. Tana zaune a gefena tana buɗe takardun tana cewa, "Malam, a koma shafi na tara, sannan a duba ko sunan nan ya yi daidai da na ƙarshen littafi." Sau fiye da talatin muka yi wannan kai-da-komo. Da tsohon linzamina, kowace tafiya ɗaya sai yatsana ya murza taya har ya gaji, ko kuma in kama sandar gefen shafi in ja in wuce inda nake nema. A wannan rana kuwa wurgi ɗaya yake kai ni ƙarshen kundin, in tsayar da tayar da ɗan yatsa, in sake wurga ta baya. Muka gama kafin la'asar, kuma na tashi hannuna lafiya lau.

Akwai wata taya ta biyu a gefe, daidai inda babban yatsa yake, wadda take tafiyar da shafi hagu da dama. Wanda aikinsa rubutu ne kawai ba lalle ya damu da ita ba, amma duk wanda yake shigar da makin ɗalibai a Excel, inda darussa suke jere har su wuce faɗin fuskar kwamfuta, zai san darajarta tun a ranar farko. A ƙasanta akwai madannai biyu na komawa baya da zuwa gaba, sannan akwai wani ɓoyayyen madanni a cikin fiffiken da babban yatsa yake kwanciya a kai. Wannan na ƙarshen yana da ɗan tauri, kuma ban cika amfani da shi ba.

Dannawarsa ba ta da ƙara. Kamfanin ya ce an rage sautin da kashi 90 cikin 100 idan aka kwatanta da samfurin da ya gabace shi, kuma ko da yake ban auna ba, kunnena ya gamsu. A shago, inda hayaniyar babura da ƙarar janareta suka cika ko'ina, wannan ba wani abu ba ne. A gida ne na ga amfaninsa, a daren da na dawo da aiki ina ƙarasawa a ɗaki, jaririyarmu tana barci a kan gado kusa da ni, kuma na yi aiki har tsakar dare ba ta motsa ba. Duk da haka ya kamata mai saye ya sani cewa dannawar tana da laushi sosai, kuma wanda ya saba jin "ƙas" a matsayin shaidar cewa ya danna zai ɗauki kwanaki yana sake dannawa don ya tabbatar.

Maganar caji kuwa, a garin da wutar lantarki take zuwa tana ɗaukewa, ita ce na fi yin fargaba a kanta, kuma ita ce ta fi ba ni kwanciyar hankali. Batirinsa na ciki ne, ana yi masa caji da wayar USB-C irin ta yawancin wayoyin hannu na yanzu, kuma a rubuce yana iya kai kwana 70 da cika ɗaya, caji na minti ɗaya kuma yana ba da aikin sa'a uku. Ni da nake aiki da shi yini guda nakan yi makonni ban tuna da caji ba. Kafar cajin tana gaba, don haka ana iya ci gaba da aiki da shi yana jone, ko da kuwa da batirin ajiya na waya ne. Na huta da sayen ƙananan batura da nake yi a da, waɗanda sukan mutu daidai lokacin da mai aiki yake tsaye a kaina yana jira.

Idon da ke ƙasansa yana karanta motsi a kan kusan kowane irin tebur, har da gilashi mai kaurin milimita 4 ko fiye, kuma na gwada a kan gilashin kantar shagona ya yi aiki. Ƙarfin ganinsa yana kai ɗigo 8,000 a kowane inci, amma mai aiki irin nawa ba zai taɓa buƙatar ko rabinsa ba. Abin da ya fi wannan adadi muhimmanci a Katsina shi ne ƙura. A lokacin hunturu, idan iska ta taso daga arewa, ba a sa'a biyu tebur bai yi fari ba, kuma ƙurar tana taruwa a ƙafafun linzamin da cikin tsagin tayoyinsa. Jikinsa na sama yana da rufi mai kama da roba wanda yake riƙe hannu da kyau, amma irin wannan rufi yana kama gumi a zafin watan Afrilu da Mayu. Na mayar da shi al'ada ina goge shi da ƙyalle mai ɗan danshi duk ranar Juma'a kafin in rufe shago, ina kuma rufe shi da hankici da dare. Saboda wannan dalili nake ba da shawarar a zaɓi mai duhun launi a bar mai haske.

Yana iya tuna na'ura uku, kuma da ɗan madanni da ke ƙasansa ake sauyawa daga wannan zuwa waccan. Na haɗa shi da babbar kwamfutar shago ta hanyar ɗan abin karɓar saƙo mai suna Logi Bolt da ake cusawa a kafar USB, na kuma haɗa shi da kwamfutar tafi-da-gidanka ta Bluetooth. Babu wurin adana ɗan abin nan a jikin linzamin, kuma ƙarami ne ƙwarai, don haka gara a bar shi a jikin kwamfuta ɗaya kada a riƙa yawo da shi a aljihu. Manhajarsa, Logi Options+, tana ba mutum damar ba yawancin madannansa aikin da yake so a kowace manhaja daban, kuma ni na mayar da madannan gefe biyu zuwa kwafa da liƙawa idan ina cikin Word. Linzamin yana aiki ko ba a sauke manhajar ba, sai dai wanda bai sauke ta ba ya bar rabin abin da ya biya kuɗi dominsa.

Ba kowa ne zai ji daɗinsa ba. Ɗan yayata da yake taya ni aiki a lokacin hutu bahago ne, kuma da ya ɗora hannun hagunsa a kai sai ya janye ya ce, "Kawu, wannan ai ba da irinmu aka yi shi ba." Gaskiyarsa ne, domin na hannun dama ne kawai. Mai ƙaramin hannu ma zai iya jin tudun ya yi masa yawa, ya riƙa miƙa yatsa kafin ya kai ga taya. Matasa masu wasannin kwamfuta na sauri su ma ba nasu ba ne, saboda sau 125 yake aika saƙon motsi a daƙiƙa, alhali waɗanda aka ƙera domin wasa sukan kai 1,000, ga kuma nauyi. Haka nan wanda yake yawo da kwamfuta a jaka daga ofis zuwa ofis zai ga ya cika masa wuri.

Wanda ya yi niyyar saye, ina roƙonsa ya fara neman wanda yake da shi ya riƙe na ɗan lokaci kamar yadda na yi, domin hannu ya bambanta da hannu, kuma babu bayanin da zai maye gurbin wannan gwaji. Ya kuma buɗe kwalin a gaban mai shago ya tabbatar da abin da ke ciki, saboda samfurin da aka yi domin kwamfutocin Mac na kamfanin Apple ba ya zuwa da Logi Bolt, kuma tsohon abin karɓar saƙo na kamfanin mai suna Unifying ba ya aiki da wannan linzami. Idan na hannu ne, ya wurga tayar ya saurara ko tana juyawa ba tare da gogayya ba, ya danna kowane madanni, ya kuma tambayi tsawon lokacin da aka yi ana aiki da shi, tun da batirin ba irin wanda ake cirewa a sauya cikin sauƙi ba ne.

Ga wanda yake buɗe kwamfuta na rabin sa'a ya duba saƙo ya rufe, ban ga dalilin kashe wannan kuɗi ba, mai arha ya wadatar da shi. Ni da abincina yake fitowa daga wannan hannu, kwalliya ta biya kuɗin sabulu, kuma na riga na fara ware wani abu domin in saya wa yaron shagona irinsa kafin lokacin da ɗalibai za su sake cika mana benci da kundayen bincikensu.