Mazuban gilashi masu murfin ɗamewa, wata huɗu ina amfani da su

Tunda na daina cin nama da ƙwai da madara na ɗauka ai shikenan na rabu da lalacewar abinci, ashe ba haka bane, dafaffen wake da shinkafa ma saurin yami suke, robobina na da kuwa duk sun riƙe wari ko an wanke da ruwan zafi. Shi yasa na sayi saitin mazuban gilashi guda shida.

Gaskiya na ji daɗinsu. Kana buɗe firij kana hango abin da ke ciki, babu mantuwa, kuma basa kama kalar tumatir. Abin da na dafa bana bari ya wuce awa 2 a waje, musamman shinkafa, don wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus tana tsallake dahuwa, in an barta a ɗumi sai ta hayayyafa. Firij ɗina na saita shi a digiri 4, kwana 3 zuwa 4 na cinye ko na zubar.

Amma ga inda ya ɓata min rai. Robar nan ta cikin murfin, ranar da na zare ta da bakin cokali sai ga baƙar fumfuna kwance a lungun, wallahi hankalina ya tashi, kuma ko a jikin kwalin basu rubuta ana cireta ba. Yanzu duk wanki sai na zare ta, na goge da tsohon buroshi, ta bushe ƙarau kafin na mayar. Suna da nauyi kam, ɗaya har ya tsage a hannuna, amma zan ƙara saye.