Gafakar da na jira sati biyar a Marwa

Alƙur'anin mahaifinmu na warƙa ne, rubutun hannu, kuma gafakarsa ta riga shi tsufa. Bayan rasuwarsa ni aka bar wa, sai na ga igiyar ta tsinke, bakin ya yage. Wani abokina ya kwatanta mini wani tsohon baduku a bayan rumfunan masu sana'ar hannu, kusa da babbar kasuwar Marwa, a arewacin Kamaru. Rumfar ba allo, ba lambar waya. Warin jima ne zai gaya maka ka iso.

Bari in fara da aibinsa. Baba ba ya sauri, ba ya kuma ba da haƙuri. Ya ce sati biyu, aka yi biyar. Sau uku ina hawa babur daga unguwar Domayo cikin zafin watan Afrilu, in tarar ko ya tafi masallaci, ko yana zaune ya ce fatar da yake so ba ta fito daga majema ba. A zuwa na uku raina ya ɓaci, na ce, "Baba, ga fatu nan rataye a kanka." Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Ɗana, waɗannan na tumaki ne. Littafin da ya fi ka shekaru za ka sa wa fatar tunkiya?" Ashe ta akuya yake jira, wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, don ta fi ƙwari kuma ba ta saurin saɓulewa. Na yi shiru, amma gaskiya ban huce ba a ranar.

Kuɗin aikin, sefa jaka takwas ya ce, na taya shida, bai ko amsa ba. Na biya takwas.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne cikin gafakar. Da na isa gida na juya ta, na ga ɗinkin ciki, inda idon kowa ba ya kaiwa, daidai yake da na waje, huda bayan huda da basilla, babu gam ko ɗigo. Ni malamin makaranta ne, na san yadda nake gyara takardun yara idan sufeto zai zo, na kuma san yadda nake yi idan ba zai zo ba. Na daɗe riƙe da ita a hannu.

Kuma ba don kasuwa na ja yake haka ba. Tun 2013 da aka sace wani iyalin Faransawa a wajen gandun dajin Waza, Turawa masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, masu sayen jakunkuna da takalman Marwa da tsada suka ragu. Na ga rumfunan da suka koma manna leda da gam suna kiranta fata. Ban zarge su ba, kowa da bakunan da yake ciyarwa.

Tsohuwar gafakar ma bai yar ba. Ya naɗe ta a takarda ya miƙo mini, ya ce guminta na mahaifina ne, ba nasa ba.

In za ka je, je da hantsi kafin azahar, ka riƙe kuɗi a hannu don ba ya karɓar kuɗi ta waya irin Orange Money. Wa'adin da ya ba ka kuwa, ka ninka shi biyu ka ƙara sati.