Sati Ukun Hajiya a Landan, da Maganar Tafiyar Baffa

Assalamu alaikum, Yaya. Ya gida, ya Anti da yara, ya damina? Ka tambaye ni ko Baffa zai iya zuwa Landan da wannan gwiwar tasa, tunda ɗansa ya dame shi ya zo ganin jika. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta maka abin da na gani a sati ukun da Hajiya ta yi a wajena. In kun zauna a zaure bayan la'asar sai ka karanta masa.

Zai iya, in Allah ya yarda. Amma ba da irin tsarin da ɗan nasa ya turo mini ba, wai wuri biyar a rana ɗaya. Wuri ɗaya ya isa, a fita da hantsi a dawo kafin la'asar, washegari a huta. Ni ma sai da na jigata Hajiya kafin na gane haka, alhali aikina ke nan a ƙasar nan, kula da tsofaffi.

Tun daga sayen tikiti za a fara. A gaya wa kamfanin jirgi aƙalla awa 48 kafin tashi cewa fasinja dattijo ne, yana buƙatar keken turawa. Kyauta ne, daga Abuja har filin jirgin Heathrow na Landan. Hajiya da farko ƙi ta yi, wai ita ba gurguwa ba ce da za a tura ta mutane suna kallo. Da ta sauka ta ga tsawon hanyar daga ƙofar jirgi zuwa wurin duba fasfo, cewa ta yi ai wannan daga Ƙofar Doka zuwa Fada ne, ta zauna abinta ba tare da an sake roƙonta ba. Ka gaya wa Baffa kar ya yi irin wannan kunyar.

Abin da ya fi burge ta a garin nan gaba ɗaya ba fadar sarki ba ce, ba kogi ba ne, bas ne. Ranar farko muna tsaye a tasha tana dogare da sandarta, bas ya zo ya tsaya. Direban ya dube ta, ya danna wani abu, sai muka ji huci kamar taya na sacewa, gefen motar ya yi ƙasa har ya kusa daidai da daɓen da muke kai. Hajiya ta ja da baya ta riƙe hannuna, ta ɗauka lalacewa motar ta yi. Na ce mata a'a, sauko miki ta yi ki hau. Ta yi shiru, ta taka ta shiga, sai da muka zauna ta ce, "Ikon Allah, yau ga mota tana durƙusa wa tsohuwa." Har ta koma gida ba ta daina ba da wannan labari ba, na san kai ma ka sha ji.

Duk jajayen bas ɗin Landan haka suke. A ƙofar tsakiya akwai wani faranti da ke fitowa ya kwanta a kan daɓe don mai keken guragu ya hau, kuma mai keken ba ya biyan ko sisi. Kujerun kusa da ƙofa na tsofaffi ne da masu ciki da marasa lafiya. Kwandasta babu, kuɗin hannu ma an daina karɓa tun 2014, kati ake ɗorawa. Lokacin da Hajiya ta zo fam 1.75 ne, kuma in ka sauya mota cikin awa ɗaya, ko sau nawa ne, ba a ƙara cire maka komai. Ita da ta ji fam yana neman naira 2,000 sai ta lissafa ta ce naira 3,500 a zama ɗaya, ai gara ta taka. Na ce Hajiya, in kika ci gaba da juya fam zuwa naira ko ruwa ba za ki sha ba a garin nan. Kuma a cire wa Baffa wani zato: labarin da ake bayarwa cewa tsofaffi na hawa kyauta gaskiya ne, amma na mazauna Landan ne da suka kai shekara 60. Baƙo biya zai yi.

Ka kwatanta da fitar Hajiya zuwa asibitin Shika a gida Zariya. A ɗaga ƙafa a hau Keke Napep, a matsu mutum uku a baya, gwiwa na dukan ƙarfe duk ramin da aka faɗa. Acaɓa kuwa ta yi shekaru rabonta da shi. Sai dai in faɗi gaskiya, mai keke zai shiga lungu ya ajiye ta a ƙofar gida, ya ce "Hajiya a hankali", ya miƙo mata jaka. Direban nan yana bayan gilashi, kuma ko ƙafarka ta karye ba zai tsaya ba sai a tasha. Daga tasha zuwa gidana tafiyar minti shida ce a wajena, a wajenta kusan ashirin.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa shi ne inda na yi kuskure. Mu da muke sauri shi muka sani, sai na manta cewa tun 1863 aka buɗe shi, lokacin da ba wanda ya yi tunanin mai ciwon gwiwa. Tashoshinsa 272, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai za ka shiga ka fita ba ka taka matakala ba. A rana ta uku na sauke ta a wata tasha ban duba taswira ba. Lifta babu. Matakala mai tafiya da kanta kuwa ta ce ko da wasa, tana tsoron ta cafke mata gefen hijabi. Muka bi ta ƙafa, tana hawa tana hutawa, mutane na ratsa mu ta ko'ina, har wani saurayi ya karɓi jakarmu ya kai mana sama. Kwana biyu ta yi ba ta fita ba, ina gasa mata gwiwa da ruwan zafi ina ba ta haƙuri. Laifina ne, domin taswirar ta nuna komai: hoton keken guragu mai shuɗi yana nufin daga titi har cikin jirgi babu matakala, mai fari kuwa har bakin jirgi ne, amma da ɗan tsallake a wajen shiga. Sabon layin Elizabeth da aka buɗe a 2022 shi ne na tsofaffi. Tashoshinsa 41 duk za a kai ka bakin jirgi ba matakala, kuma yana tashi daga Heathrow ɗin ma. Bayan wannan rana bas muka riƙe. Lamba 15 daga dandalin Trafalgar tana wuce babban cocin St Paul da Hasumiyar Landan, kana zaune kana kallon gari a kuɗin mota ɗaya.

Akwai wani ɗan shuɗin baji da hukumar sufuri ke bayarwa kyauta, a maƙala a riga, an rubuta a taimaka a ba ni wurin zama. Hajiya ta yi dariya har da hawaye da na fassara mata. Wai sai an rubuta wa yaro a ƙirji kafin ya tashi wa uwarsa?

Tsallaka titi ma abin a faɗa ne. Gefen daɓe a kwance yake a duk mararraba, babu tudun da za a ɗaga ƙafa, babu buɗaɗɗiyar kwata da za a tsallaka kamar yadda muke fama a Tudun Wada. Ka danna maɓalli, danja ta tsayar da motoci, a wasu wuraren har da lambobi masu ƙirga daƙiƙun da suka rage. A ƙarƙashin akwatin maɓallin akwai wani ɗan ƙarfe mai juyawa da makafi ke taɓawa su san lokaci ya yi. Amma lokacin gajere ne, don an auna shi da mai tafiyar mita 1.2 a daƙiƙa, tsofaffi da yawa kuwa ba sa kai haka. A manyan tituna mukan yada zango a tsibirin tsakiya mu jira zagaye na biyu. Ko a haka ya fi PZ ko Kwangila, inda sai dai ta ɗaga sanda ta yi addu'a wani ɗan albarka ya zo ya tsare mata motoci.

Ranar Juma'a mun je babban masallacin Landan da aka kammala a 1977, wanda ke jikin lambun Regent. Masu ciwon ƙafa a kan kujera suke salla, ba mai kallon wani. Da aka idar muka shiga lambun, kuma a nan ne na ga tafiya ta yi mata daɗi, saboda duk ɗan taƙi akwai benci. Ta yi tafiya kaɗan ta zauna ta kalli agwagi, ta tashi ta ƙara gaba. A jikin wasu bencinan a lambunan garin akwai ɗan ƙarfe da sunan mamaci, iyalansa ne suka biya aka kafa. Da na gaya mata sai ta ce to ai mu ma muna da shi, dakali ke nan. Ta tuna mini yadda marigayi Malam ke tafiya Masallacin Juma'a daga Kwarbai, ya zauna a dakalin wannan a gaisa, a miƙo masa ruwa a na wancan, bai taɓa sanin ya yi nisa ba. Tun da ta faɗa abin yake raina, Yaya. Dubi gidajen da ake ginawa yanzu a sababbin unguwanni, har da naka: katanga, get, waya mai ƙaya. Tsoho in ya gaji a irin wannan layi a ina zai sa jikinsa? In ka tashi gyaran gaban gidan nan ka zuba dakali, ni zan biya siminti.

Gidan tarihin Birtaniya, wanda aka kafa a 1753, shiga kyauta ne, kuma suna ba da aron keken turawa da 'yan kujerun naɗewa da za ka riƙa yawo da su. Kar a ce za a gama shi, ko mai ƙafa lafiya ba zai iya ba. Mu sashen Afirka kawai muka sauka ta lifta, muka ga tagullan Binin da sojojin Ingila suka kwaso a 1897. Hajiya ta daɗe tana kallo daga kan 'yar kujerarta, sannan ta ce dole ma su bari a shiga kyauta.

Ranar da ta fi jin daɗi ita ce ta jirgin ruwa, daga Westminster zuwa Greenwich a kan kogin Tems. Tana zaune da shayinta, majalisa da gadar Tower da dogayen benaye suna wucewa ta taga. Abu ɗaya za a kula, ruwan kogin yana hawa yana sauka da teku, in ya janye gadar shiga jirgin takan yi gangare sosai. A riƙe Baffa da kyau.

Yanzu ga inda gida ya fi. Banɗaki. Na kan titi kaɗan ne, wasu sai an biya, kuma buta babu. Mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari dole a tsara masa hanya ta inda akwai gidan tarihi, babban kanti ko masallaci. Kullum da gorar ruwa a jakata. Akwai wani mabuɗi da ake kira Radar, ana sayar da shi fam kaɗan, yana buɗe banɗakunan naƙasassu a faɗin ƙasar, masu faɗi ne da ƙarfen dafawa da famfo a ciki, har alwala takan yiwu. Ɗansa ya nema kafin ya iso.

Magani kuma ba kamar kyamis ɗin Sabon Gari ba ne da za ka faɗi suna a miƙo maka. Na hawan jini da na suga sai da takardar likita. Farasitamol ma a kanti fakiti biyu kawai za su sayar maka, kowanne ƙwaya 16. Ya taho da nasa wanda zai ishe shi har da ƙari, a cikin kwalayensa, da takardar likitansa. Inshorar lafiya kuma ba abin wasa ba ce. Sashen gaggawa ba a biya, amma in aka kwantar da baƙo kuɗin da za a caje shi ninki ɗaya da rabi ne na ainihin kuɗin aikin.

Baƙar tasi tana da farantin hawa ita ma, kuma da faɗi, sai dai mitarta gudu take kamar famfon da ya fashe. Sau biyu muka hau, duk a ranar ruwan sama.

Abin da ya gajiyar da Hajiya a ƙarshe ba gwiwa ba ce. Shiru ne. Takan shiga bas ta gaishe da na kusa da ita, ya ɗan murmusa ya mai da kai kan waya. A wurin aikina akwai tsofaffin da ke da kujerar wanka, da gado mai tashi da kansa, da maɓallin kiran agaji a wuya, amma sai su yi sati ni kaɗai ce mai buɗe musu ƙofa. Baffa da ya saba zaurensa ba ya rabuwa da mutane tun daga asuba, sati uku ya ishe shi, kar a ce wata uku don bizar ta wata shida ce. A kai shi unguwar Peckham ya ga goro da doya da kuɓewa ya ji ana ciniki da ƙarfi, a kuma haɗa shi da 'yan uwa Hausawa ranar Juma'a.

Ya zo tsakanin Yuni da Agusta. Sai dai a shirya masa jadawalin salla, don a Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, asuba kuma kafin uku. A Disamba kuwa kafin huɗu na yamma duhu ya yi, ga sanyin da ya fi na hunturun Samaru nesa ba kusa ba.

Na saya masa irin abin da na saya wa Hajiya, abin turawa mai taya huɗu da birki da wurin zama, in ya gaji ya ja birki ya zauna a kai. Turo mini lambar takalminsa, don da silifas ba zai iya garin nan ba. A sako mini kuka da yaji a jakarsa, amma kar a sa kilishi, ba a shigowa da nama, ƙwacewa za su yi. Ka gaishe da Hajiya, ka ce mata ina tambaya ko tana amfani da abin turawar ko ta bar wa jikoki suna tsere da shi a tsakar gida.