Fenti ko shuka: wanne zai fi fito da gaban gida a Jos?

Hajiya, na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai na samu natsuwa. Ga waɗanda ba su gani ba, ta ce tana da ɗan gida mai ɗaki uku a Rikkos. Fentinsa ya koɗe, gindin bangon ya yi ja kamar an fesa masa ruwan goro, filin da ke tsakanin baranda da get kuma fako ne, ko tsinke babu. Bikin 'yarta yana watan Disamba, kuɗin da ta ware ba zai ɗauki fenti da shuke-shuke a tare ba. Wanne za ta zaɓa, ga shi muna ƙarshen Satumba?

Idan don biki ne, fenti. Amma akwai ɗan aikin ƙasa da ya kamata ya riga shi, in ba haka ba kafin Sallar da ke biye ki sake yin wannan tambayar.

Fenti kamar lallen amarya yake. Ranar da aka wanke shi ya fi kyau, daga nan kullum baya yake yi. Masu aiki biyu za su gama ɗan gida irin naki cikin kwana uku ko huɗu, maƙwabta su fara tambaya ko sayar da gidan aka yi. Shuka kuwa ranar da aka dasa ta ta fi muni: 'yan tsirrai cikin baƙar leda, sun yi laushi, kamar kajin da ruwa ya daka. Shingen da aka dasa daga irin waɗannan sai ya ci damina ɗaya, wani lokacin biyu, kafin ya haɗe ya zama abin kallo. Wanda ya ce miki zai mayar da fakon nan lambu kafin Disamba, manyan furanni zai sayo a tukwane da tsada, rabinsu kuma ba za su ga ƙarshen hunturu ba.

Sai maganar lokaci, wadda a Jos ta fi maganar kuɗi ƙarfi. Daminarmu tana farawa wajen Afrilu ta kai Oktoba, ruwan shekara kan kai kusan milimita 1,400, Yuli da Agusta kuwa sai a yi kwanaki bango bai bushe ba. Fenti yana son busasshen bango, shuka tana son ruwa. Su biyun kamar kishiyoyi ne, kowacce da ranar girkinta. Ranar fenti ita ce daga ɗaukewar ruwa zuwa ƙarshen Nuwamba, kafin hazo ya yi kauri. Ranar shuka kuma ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, bayan ruwa ya zauna. Kin yi dace, bikinki ya faɗo a girkin fenti.

Ni na taɓa cin amanar wannan jadawalin. Shekarun baya na yi wa gidana farin fenti a tsakiyar Agusta saboda baƙin da za su zo, mai fentin ya rantse mini rana biyu ta isa. Kafin rani bangon yamma ya yi bororo, yara suna ɓare shi da farce kamar ɓawon dafaffen dankali. Danshin da ke cikin filasta ne aka rufe, ya nemi hanyar fita.

To, jan da kika gani a gindin bango. Yawancin mutane suna ɗauka tsufan fenti ne, alhali ruwan kwano ne. Rufin da ba shi da gota yana zubo da ruwa a layi ɗaya, ruwan ya daki jar ƙasarmu, laka ta fantsamo bango har zuwa gwiwa. Kowace damina haka, sau ɗari. Ki kawo fenti mafi tsada a kasuwa ki shafa a wurin, watan Yuni zai mayar da shi yadda kika same shi. Idan kuma ruwan yana kwanciya a gindin ginin, bulo ya sha, sai ki ga wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, fenti yana zubewa, ɓangaren da rana ba ta cika kaiwa ba kuma ya yi kore da gansakuka.

Maginan gargajiya sun san wannan tun kafin siminti ya shigo. Doguwar indararo da suke sa wa soro don ta jefa ruwa nesa da bango ne. Makuba da ake haɗawa daga ɓawon ɗorawa a shafe gini da ita don ruwa ne. Dakalin ƙofar gida ma, wanda muke ɗauka wurin hirar dattawa ne kawai, garkuwa ce ga gindin bango. Mu ne muka zo muka gina da bulo, muka yar da dakali, muka bar bango tsirara a gaban laka.

Maganin ba shi da tsada idan aka gwada da bokitin fenti. A gyara ƙasar gindin bango ta ɗan gangara waje, a daddaɓe, a zuba tsakuwa faɗin kamu uku zuwa huɗu daidai inda ruwan kwano yake sauka, a tare bakinta da jerin duwatsu ko bulo don kada ta watse. Ruwa idan ya faɗi a kan tsakuwa ba ya tayar da laka. Dutse kuwa ba abin da Jos ta rasa ba ne, garin a kansa yake zaune. Mai hali ya sa birkila ya zuba siminti ya yi ɗan dakali, ya ƙara da gota a bakin kwanon gaba. Wannan ma gyaran fili ne, shi ne ɓangaren da ba ya buƙatar ban ruwa, akuya kuma ba ta ci.

Yanzu fentin kansa. Iri uku za ki ji ana kira a shago: imolshan, tekskot da fentin mai. Tekskot mai kaushi ne, yana rufe ƙananan tsagu da rashin santsin filasta, shi ya sa masu gidajen haya suke son shi. Ni dai ba na shawartar kowa da shi a gidan da ke bakin hanyar da ba kwalta, domin kowane ƙurji nasa ma'ajiyar ƙura ce, kuma ba ya wankuwa da daɗi. Imolshan mai santsi ya fi, amma ki tabbata na waje ne, don akwai na cikin ɗaki mai araha da ake sayar wa wanda bai tambaya ba, araha kuwa ba ta ado. Fentin mai na ƙarfe da katako ne: get, ƙarafan taga, ƙofa, katakon bakin rufi. A kankare tsatsa tukuna, a sa jan fentin nan na hana tsatsa, sannan launi. Kada a shafa shi ranar da iskar hunturu ke kaɗawa, yana daɗewa bai bushe ba, ƙura za ta manne ya fito kamar samfefa. Kuma idan za a kankare tsohon fentin mai, a jiƙa wurin, a kawar da yara, saboda wasu tsofaffin fentin, musamman rawaya da ja, suna ɗauke da dalma.

Launi kuma, a nan nake saɓawa da mutane da yawa. Fari tas yana da kyau a hoto, amma garin jar ƙasa ba ya raga masa. Shuɗi mai haske da ja mai ƙyalli su ma ba sa jimawa, don Jos tana sama da mita 1,200 daga matakin teku, ranar tudu kuma ta fi cin launi duk da sanyin da muke ji. Launukan ƙasa sun fi juriya: ruwan madara, ruwan toka mai haske, ruwan ƙasa. Ki yi jikin gidan da mai haske, sannan a ja ɗamara mai duhu daga ƙasa zuwa gwiwa, launin da ya yi kusa da na ƙasar ƙofar gidanki. Get da tagogi su ɗauki launin ɗamarar. Launi biyu sun isa. Na uku sai gida ya fara kama da makarantar nazare.

Ga lissafi don kada a cuce ki. Gidan da tsawonsa mita 12 ne, faɗinsa 9, tsayin bango 3, kewayensa mita 42 ke nan, wato fili murabba'in mita 126 kafin a cire ƙofofi da tagogi. Lita ɗaya ta imolshan mai kyau tana rufe wajen murabba'in mita 10 a shafa ɗaya a bango mai santsi, shafa biyu kuma ake yi. Kenan bokiti ɗaya mai lita 20 zai yi kaɗan, sai an ƙara galan ɗaya ko biyu mai lita 4. Amma gaban gidan kaɗai murabba'in mita 36 ne, galan biyu sun ishe shi. Idan kuɗi ya matse, a yi gaba da gefen da ake gani daga titi da kyakkyawan fenti, baya ya jira. Ki sayi kayan da kanki, a buɗe a gabanki, ki kuma sa ido kan ruwan da ake tsarmawa, don nan ne bokiti ɗaya yake haihuwar biyu. Duk inda aka toshe tsaga da sabon siminti mai yawa, a ba shi kamar mako huɗu kafin fenti, shi ya sa gyaran bango ya kamata a fara shi da zarar ruwa ya ɗauke. Da safe kuma a bari raɓa ta bushe tukuna.

Shuka tana da nata kuɗin, sai dai ba a ranar saye ake biyansa ba. Tsiron ba wani abu ba ne, rabinsa ma kyauta ake samu. Ruwan rani ne tsadar. Daga Nuwamba zuwa Maris, wata biyar, duk abin da kika dasa a kanki yake. Idan kina da rijiya ko bohol, madalla. Idan kuwa 'yan ga-ruwa kike saya, ki manta da shimfiɗaɗɗiyar ciyawar nan da ake gani a gidajen Rayfield, za ta sha fiye da mutanen gidan. Fenti ba ya neman komai bayan an gama sai ranar da za a sake shi. Shuka kullum tana da buƙata: aski, taki, ciyayi, da gadi, domin akuyar maƙwabta ba ta san an yi biki ba.

Abin da zan dasa a fili irin naki kaɗan ne. Furen nan mai ƙaya da ke hawa katanga, bogenbiliya, ɗaya a gefen get: reshe ake yanka a dasa, idan ya kama ba ya damuwa da fari, kuma da rani ya fi zuba fure, lokacin da komai ya yi fururu. Gajeren shinge na ganyen nan mai ruwan ɗorawa da masu sayar da fure a bakin titi suke kira yalo bush, a bi hanyar shiga da shi, amma a riƙa aske shi kafin ya yi 'ya'ya, don 'ya'yansa guba ne ga yara. Furen wardi yana son sanyin Jos fiye da yawancin garuruwan Arewa, tukunya biyu a baranda sun wadatar, ruwan alwala ma ya ishe su. Ƙeranar da ake shinge da ita a ƙauyukan Filato tana tsare dabba sosai, sai dai farin ruwanta yana ƙona ido, ban so ta a gidan da jikoki ke wasa. Taki kuma kashin kaji yana da kyau, ga gidajen kaji ko'ina a garin nan, amma sai wanda ya daɗe a ajiye ya huce, ɗanye yana ƙona saiwa.

Babban kuskuren fenti shekara uku zuwa biyar ne, a sake. Kuskuren bishiya sai an kira mai gatari da birkila. Mangwaro, dogon yaro, cediya, da itacen turaren da ya cika tsofaffin filayen kuza, duk ba na ɗan tsakar fili ba ne. Saiwarsu tana bin danshi har sokawe, tana ɗaga daɓe, ganyensu yana toshe gota. Ko ƙananan furanni ma kada a manna su da bango, a dasa su bayan layin tsakuwa, don ban ruwan kullum a gindin gini shi ne dai danshin da muke gudu, ga gara.

Da ni ne, Hajiya, Oktoba zan ba birkila: tsagu, gangaren ƙasa, tsakuwa. Nuwamba mai fenti ya yi gaba, ɗamara da get. Satin biki a ari tukwanen fure huɗu ko shida a jera a baranda, a share fili a yayyafa ruwa. Idan Allah ya kai mu ƙarshen Afrilu ki turo yaro da buhu, bogenbiliyar gidana ta riga ta haura katangar maƙwabcina, dama yana ta yi mini ƙorafi.