Manhajar da ta jefa ni kududdufi da asuba

Likita ne ya ce in rage tumbi saboda hawan jini, shi ya sa na fara sassarfa bayan sallar asuba, na kuma sauke wannan manhajar ta lissafin motsa jiki da kowa ke yabo. Wata huɗu ke nan ina biyan kuɗinta na wata-wata. Farashin kuwa, ba sai na faɗa na tayar wa kaina da hankali ba.

A kan babban titi ba ta da laifi. In na taso daga Ƙofar Na'isa na bi titin BUK zuwa Kabuga, layin da take zanawa a taswira yana bin kwalta tiryan-tiryan. Har tauraro huɗu na yi niyyar ba ta.

Sai ranar wata Asabar. Muna da zauren WhatsApp na tsofaffin abokan makaranta, mun sa gasar kilomita 100 a wata, wanda ya zo na ƙarshe shi zai sayi tsire. Ranar na ce bari in canza hanya, na kutsa cikin gari ta lunguna, na yi ta kwana-kwana har rigata ta jiƙe sharkaf. Na dawo gida ina haki, na tura taswirar zaure ko dubawa ban yi ba. Wallahi kafin in gama wanka saƙonni sun haura talatin. Ashe layin ya nuna na tashi daga bakin wani masallaci, na ratsa ta tsakiyar kududdufi a miƙe kamar an ja da rula, na ɓulla ta cikin gidajen mutane. Wani ya rubuta, "Alhaji, gudu muka ce, ba iyo ba." Wani ya ce ai Keke Napep ma ba ta bin wannan hanya. Tun ranar Sarkin Ruwa suke kira na, har matata ta ɗauka. Abin da ya fi ƙona min rai, duk kwanar da na sha ta shafe ta, ta ci min fiye da kilomita ɗaya.

Ɗan yayana da ke karatun safiyo ya karɓi wayar ya duba. Ya ce, "Kawu, taurarin GPS suna can sama wajen kilomita 20,000, kuma sai waya ta ji aƙalla guda 4 kafin ta san inda take. A lungu mai dogayen katangu saƙon yana bugun bango ya karkace, in ya yanke kuma sai manhajar ta haɗa inda ta rabu da kai da inda ta sake ganinka da miƙaƙƙen layi." Ya kashe min tsarin tattalin caji, ya ce shi ma yana sa ta yin barci a aljihu. Na yarda, wannan ba laifin masu manhajar ba ne kacokan, na sauko zuwa tauraro uku.

Amma da na zuƙo taswirar da kyau sai raina ya sake ɓaci. Lungunan ma babu su! Unguwar da ta girmi kakan kakana, an bar ta fili fetal, launin toka, kamar ba kowa a ciki. Ka duba gudun wani a Landan, har ƴar hanyar cikin lambu da bencin zama za ka gani, kuma kuɗin da muke biya ba a rage mana don an ba mu rabin taswira ba. Hoton sama na unguwarmu kuwa tsoho ne, wurin da yanzu shaguna ne reras yana nuna fili da bishiyar darbejiya.

Na gwada ta a filin wasa, inda zagaye ɗaya mita 400 ne. Zagaye 12 da rabi kilomita 5 ke nan cif, ita kuwa ta ce 5.4. A lungu ta rage min, a fili ta ƙara min, to wanne zan kai wa likita?

Na rubuta musu ƙorafi har da hoton kududdufin. Amsar na'ura ta zo, wai in fita inda sama take a buɗe. Tauraro biyu na ba su, na kuma cire katina. Tsiren ma ni na saya, da tazarar mita 700.