Wata bakwai da injin doki 40 ɗan Kwatano: saura ƙiris in sayar da shi a banza

Mutum uku ke nan suna tare ni a kwata suna tambaya ko su sayi irin injin da na ɗaura wa jirgina, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya huta. Mai ƙarfin doki 40 ne, mai silinda biyu, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, ɗan Kwatano. Kun san kuɗinsa, kun san layin da ake sayar da su, ba sai na kama sunan kowa ba. Jigila nake yi tsakanin Yelwa ta Yawuri da ƙauyukan tsallake, ran kasuwa mutane da buhunan albasa, sauran ranaku kifi da itace.

Wata biyun farko ba ni da ta cewa. Ja ɗaya, in ya yi nauyin kai ja biyu, ya tashi. Har na fara yi wa abokan sana'a ɗagawa.

Sai ranar da ya tsinka ni a gaban jama'a. Mun taso bayan la'asar da mutum goma sha huɗu da kaya, mun yi nisa da gaɓa, sai na ji muryarsa ta canza. Ya fara tari, gudu ya ragu kusan rabi, hannun tuƙi yana karkarwa, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya turnuƙe bayan jirgi. Silinda ɗaya ce ta ɗauke. Na murɗa totur, ya yi wani gurnani ya mutu murus. Na ja igiya har kafaɗata ta sage, ko tari bai sake yi ba. Ga hadari ya haɗo daga gabas. Wanda ya san ruwan nan ya san tun da aka datse kogin Kwara a Kainji a 1968 kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a ƙasa, kuma jirgin da ba inji iska ce matuƙinsa. Babu kuma wanda ya manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021. Jirgi ya yi tsit, sai wata tsohuwa da ke zaune kan buhu ta ce, "Ɗan nan, in abin ya fi ƙarfinka ka faɗa mana, mu kama kalmar shahada." Na ce, "Inna, kwantar da hankalinki, yanzu zai tashi." Ni kaina a lokacin cikina ya ɗuri ruwa.

Na kwance fulogin silindar ƙasa, na gan shi baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf, da danƙo kamar an tsoma shi a kwalta. Na sama da ɗan dama-dama. Ba ni da na ko-ta-kwana, wannan kam sakacina ne. Da gefen riga da bakin wuƙa na kankare su, na ja igiya sau da yawa babu fulogi don man da ya cika silinda ya fita, na mayar. Da ƙyar ya tashi da ƙafa ɗaya. Haka muka lallaɓo, yarona yana taimakawa da filafili, muka iso ana kiran magariba, ruwan sama na dukanmu. Wasu ko kuɗin jirgi ban iya karɓa ba don kunya. A daren nan na yi rantsuwa ko rabin kuɗi aka taya sai na rabu da shi.

Da safe na ɗora shi a baro zuwa wurin wani dattijon bakanike da ya tsufa a gyaran injin ruwa. Bai ma taɓa injin ba. Ya juya fulogin a hannu, ya sansana, ya dubi yarona ya ce, "Kai yaro, nawa kake zuba baƙin mai a jarka?" Yaro ya ce, "Baba, robar lita ɗaya nake juyewa duka, Maigida ya ce kada a yi wa inji rowa." Wallahi ni na faɗa. Dattijon ya yi dariya ya ce jarka mai lita 25 rabin lita take ci, wato kashi ɗaya na mai cikin hamsin na fetur. Lita guda a jarka awon sabon inji ne a sa'o'in farko kafin ya saki jiki, ba na tsohon da ya gama yawon duniya ba. Mun ninka masa mai, wanda bai ƙone ba kuma a bakin fulogi yake tarewa. Ƙarin abin haushi, ba ma man da ya dace muke zubawa ba. Don neman sauƙi na koma sayen baƙin man mota na awo, alhali injin ruwa nasa daban ne, wanda aka rubuta TC-W3 a jikin robarsa, shi ba ya barin toka in ya ƙone.

Bai tsaya nan ba. Ya tsiyayi fetur daga gindin tankina a farar roba, ya ajiye a inuwa. Kafin mu gama shan shayi ruwa ya kwanta a ƙasa, ya kai kaurin yatsa biyu. Ruwa ya fi fetur nauyi, gindi yake sauka, kuma daga gindin tiyo yake zuƙa zuwa kafireta. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 nake saye wurin 'yan bumburutu kaɗan-kaɗan, wani lokaci bashi, ban taɓa duba yadda jarkokinsu ke kwana a waje da damina ba. Ni ma ina barin tanki a jirgi, ƙaramin murfin iska a buɗe, ruwan sama da raɓa na shiga. Sannan ga ɗabi'ar da nake ganin dabara ce, barin inji yana silo a kwata ina jiran fasinja. Ya ce bakin fulogi sai ya yi zafin da ya kai wajen digiri 450 yake ƙone dattin kansa, a silo kuwa ba ya kaiwa, baƙi kawai yake tarawa.

Na yi shiru. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na inji. An wanke kafireta, an zubar da gurɓataccen man, an sa sababbin fulogi. Yau wata biyar ke nan bai sake mutuwa a ruwa ba. In na kwance fulogi yanzu launin ƙasa-ƙasa nake gani, a bushe. Injin da ya sha watanni yana haɗiyar ruwa da man mota bai cinye fistin ba, gaskiya ya cancanci yabo, kuma da cikakken lodi yana hawan ruwa ba ya nishi.

Amma ina rubutun nan raina yana sake ɓaci, don akwai abin da ban faɗa ba. Da dattijon ya goge jikin tsofaffin fulogin, sai ga lambobinsu ba ɗaya ba: na sama 7, na ƙasa 9. A irin waɗannan, yadda lamba ta ƙaru haka fulogi yake ƙara sanyi, kuma 7 ne na injina. Shi ya sa silindar ƙasa ta riga mutuwa. Haka aka sayar mini da shi, bayan mai shagon ya dafa ƙirji ya ce an yi masa sabis daga sama har ƙasa. Kwan tiyon da ake matsawa mai ya hau shi ma a tsage yake, an naɗe da baƙin salatif an juya tsagar ƙasa. Babu littafi, babu wanda ya ce mini ga awon mai. Da na koma na ce, "Alhaji, dubi abin da aka sa mini," ko karɓa bai yi ba, ya ce, "Malam, kayan inji sai haƙuri, ai ruwa ka shiga da shi." To da a tudu zan tuƙa shi? Fulogi guda bai iya ba ni ba ko don kara, ni da na ƙirga masa kuɗin da na yi shekara biyu ina tarawa.

Ga shan mai kuma. Ban ce ya fi sauran masu doki 40 ba, amma a farashin yau ranar da fasinja suka yi ƙaranci inji nake yi wa aiki. Wani lokaci ina cewa da mai doki 25 na saya, sai ran kasuwa ta zo in ga lodi in fasa.

Masu tambayata, injin ku saya, amma ba a shagon nan ba, kuma kada ku biya sai kun je da bakanikenku ya kwance fulogi biyun a gabanku. Ni yanzu da guda biyu sababbi a gwangwani cikin aljihu nake shiga ruwa, fetur kuma sai ya kwana a jarka na tace shi da ƙyalle, na bar na gindin. Tsohuwar nan dai har yau ba ta sake shiga jirgina ba. Ran kasuwa muna gaisawa lafiya lau, ta tambayi iyali, ta wuce ta shiga na maƙwabcina.