Tarkon iguwana mai ƙofa biyu: yana kamu, amma farantinsa ya ba ni haushi

Kamu kam yana yi. A bakin magudanar ruwa a Broward, kudancin Florida, inda iguwana, wani irin babban ƙadangare, ta mayar da furen hibiskus da mangwaron mutane tuwon gidan ubanta, kejin nan mai tsawon inci 36 ya riƙe manya uku a makon farko. Ƙofa biyun ce sirrinsa: dabbar na hango haske ta ɗaya bakin, sai ta ɗauka hanya ce. A zuba nunannen mangwaro ko ayaba kaɗan a bakin ƙofa, sauran a kan farantin takawa, a ɗana da hantsi lokacin da suke fitowa shan rana. A lulluɓe samansa da ganyen kwakwa, in ba haka ba zafi ya kashe abin da aka kama.

Da a nan na tsaya, tauraro biyar ne. To amma farantin nan! Sai ƙaton namiji ya hau shi yake sakin ƙofa. Ƙananan, waɗanda su ne suka fi yawa bayan ƙyanƙyasa, shiga suke su cinye ayabar su fita abinsu. Sai da aka lanƙwasa ƙugiyar da filaya, aka bar bakinta kaɗai yana riƙe da sandar, sannan ya fara jin nauyinsu. Wannan aikin maƙera ne, ba na mai saye ba. Ga tsatsa: wata biyu a iskar gishiri, sifirin ɗin ƙofa ɗaya ya cije. Kuma kada a bar shi a ɗane da dare. Iguwana barci take, rakun ne, wata dabbar dawa mai yawon dare, zai shiga ya murɗe sandar.

Abin da ya fi ɓata min rai takardar cikin kwalin, wai a kai dabbar can cikin daji a sake ta. A Florida laifi ne. Tun 2021 hukumar namun daji ta jihar, FWC, ta sa koriyar iguwana cikin haramtattun dabbobi. Wadda aka kama sai dai a kashe ta ba da azabtarwa ba, ko a kira masu lasisi.

A sa safar hannu mai kauri. Kamarta kamar damo, amma ba ta gaji haƙurinsa ba, bulalar jelarta tana fasa fata. Tauraro uku, shi ma don ƙofa biyun.